Yadda za ka koyi dabarun wasan poka tun daga tushe

Poka tana da iri da yawa amma wadda zan koya maka ita ce Texas Hold'em, domin ita ce aka fi bugawa a duniya, kuma ita ce ake yanke babbar gasar World Series of Poker da ita, gasar da aka fara a birnin Las Vegas na Amurka tun 1970. Dokokinta cikin rabin awa za ka haddace su. Abin da ke ɗaukar lokaci shi ne sanin lokacin da za ka shiga da lokacin da za ka ajiye katinka ka zuba ido, kuma gaskiya sabon ɗan wasa a nan yake faɗuwa, ba a wajen rashin iya burga ba kamar yadda mutane ke zato, burga kuwa ita ce ka nuna kamar katinka mai ƙarfi ne alhali ba haka ba ne don abokin wasa ya ajiye nasa.

Kayan da za ka tanada

Kwalin karta guda ɗaya mai kati 52, ka cire joka ka ajiye gefe don ba a amfani da su. Zane huɗu ne a ciki: mai zuciya ♥, mai daimon ♦, mai kan mashi ♠, da mai ganye uku ♣, kowane zane yana da kati 13, daga 2 zuwa 10, sai J, Q, K, sannan A wanda ya fi kowa girma.

Sai cips, wato 'yan ƙwayoyin roban nan da ake ƙirga abin da kowa ya zuba da su. In babu, maɓallai ko tsinken ashana ko murfin kwalba duk sun wadatar, abin buƙata dai kowa ya fara da adadi ɗaya. Ni nakan ba kowa 200. Sai wani abu guda daban da za a riƙa ajiyewa a gaban wanda yake matsayin dila, shi ake ce wa botin. Sai littafi da biro, kada ka raina wannan, zan dawo kansa. Sai abokan wasa, mutum huɗu zuwa shida ya fi daɗin koyo. In ba ka da kowa akwai manhajojin waya da ake bugawa da cips na wasa kyauta, ko kuma ka raba wa kanka hannu shida a buɗe a kan tebur kana buga wa kowa.

Kuɗi ba ya cikin kayan aiki. Duk abin da ke cikin rubutun nan ana koyonsa tsaf da cips marasa daraja, da zarar kuɗi ya shigo kuwa ya zama caca, kuma wanda bai gama sanin jerin hannaye ba ya sa kuɗinsa toh kyauta kawai ya kai wa waɗanda suka riga shi zama.

Mataki na 1: Haddace jerin hannaye har ya zama ba sai ka yi tunani ba

Ana ba ka kati 2 a rufe, ana buɗe 5 a tsakiya na kowa da kowa, daga cikin bakwai ɗin nan kake zaɓar biyar mafi kyau. Daga ƙasa zuwa sama ga yadda suke: babban kati kawai ba haɗi, sai feya wato biyu masu lamba ɗaya, sai feya biyu, sai uku masu lamba ɗaya, sai jeri wato biyar masu bin juna kamar 5-6-7-8-9, sai fulash wato biyar masu zane ɗaya, sai ful hawus wato uku da biyu, sai huɗu masu lamba ɗaya, sai jeri mai zane ɗaya, wanda mafi girmansa shi ne 10-J-Q-K-A. Wannan na ƙarshen kada ka zauna jiransa, sau ɗaya yake zuwa cikin hannu 30,940.

Inda sababbi ke rikicewa wuri uku ne. Fulash ya fi jeri, kullum. A yana iya zama ƙarami a jerin A-2-3-4-5, amma ba a zagayowa da shi, Q-K-A-2-3 ba komai ba ne. Sannan zane bai fi zane ba, in hannunku ya zo daidai raba tulin ake yi, wato cips ɗin da kowa ya zuba a tsakiya.

Akwai kuma katin rakiya, shi ne ke cinye mutane a ɓoye. A ce kana da A da 7, abokinka yana da A da K, tsakiya ta nuna A-9-4-J-2. Ku duka kuna da feyar A, amma biyar ɗinsa A-A-K-J-9 ne, naka A-A-J-9-7, ya cinye ka da K ɗin nan. Ka riƙe wannan misalin don shi ne dalilin da zai sa anjima in ce maka ka daina murna da kowane A da ka gani.

Hanyar haddacewa: ka raba hannu huɗu a buɗe, ka buɗe biyar a tsakiya, ka faɗi wanda ya ci da sauri, ka tattara ka sake. Minti goma a rana na sati ɗaya ya ishe ka.

Mataki na 2: San yadda zagaye ke tafiya

Kafin a raba kati, mutum biyun da ke hagun botin suna zuba na dole, na farko ƙaramin bilain, na biyu babban bilain wanda yawanci ninkin ƙaramin ne, a ce 1 da 2. Ana raba kati biyu-biyu, wanda ke hagun babban bilain shi zai fara magana. Zaɓinka ko ka ajiye katin ka fita, ko ka bi wato ka zuba daidai abin da aka zuba, ko ka ɗaga. In ba wanda ya zuba komai kafin kai kana iya wucewa ba tare da ka sa komai ba, ana ce masa cek.

Bayan nan dila zai jefar da kati ɗaya na sama a rufe ya buɗe uku, wannan shi ne fulof, a sake zagayen zubi. Sai kati na huɗu da ake kira tan, a sake zagaye. Sai na biyar da ake kira riva, a yi zagayen ƙarshe, waɗanda suka rage su buɗe. Daga fulof zuwa ƙarshe wanda ya fara magana shi ne na farko a hagun botin da bai fita ba, mai botin kuma shi ne na ƙarshe. Kowane hannu botin yana matsawa kujera ɗaya hagu.

Kada ka yi magana kafin layi ya zo kanka, kuma in za ka ɗaga ka faɗi adadin da baki tukuna sannan ka tura cips ɗin a lokaci ɗaya, ba a yarda ka tura kaɗan ka kalli fuskar mutum sannan ka ƙaro ba.

Mataki na 3: Koyi ajiye kati

A nan nake so ka fi daɗewa. Hannun farawa iri 169 ne gaba ɗaya, kuma mafi yawansu shara ne. Sabon ɗan wasa yana shiga da kusan komai saboda yana so ya ga fulof, yana cewa ai 2 ne kawai, toh 2 ɗin ba ita ce matsalar ba, matsalar ita ce fulof ɗin zai ba shi ɗan wani abu rabi-rabi da ba zai iya rabuwa da shi ba, daga nan ya bi 10, ya bi 30, ya bi 80, a ƙarshe a nuna masa katin rakiyar da ya fi nasa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. A tebur mai mutum da yawa in kana buga fiye da hannu 20 cikin 100 a matsayinka na mai koyo, ka yi yawa.

Ga abin da nake ba mai farawa. Manyan feya, A-A, K-K, Q-Q, J-J, 10-10, da A-K da A-Q, waɗannan ka ɗaga da su daga kowace kujera. Matsakaitan feya 9-9, 8-8, 7-7 da A-J da K-Q, ka shiga da su in ba wanda ya ɗaga kafin kai. Ƙananan feya daga 6-6 zuwa 2-2 amfaninsu ɗaya ne, kana neman na ukunsu ya fito a fulof, kuma hakan na faruwa kusan sau 12 cikin 100, saboda haka ka shiga da su ne kawai in abin yana da arha kuma abokin karawar yana da cips da yawa da za ka iya ci in ya fito, in bai fito ba aka zuba sai ka ajiye ba jayayya. Masu bin juna kuma zane ɗaya irin 8♥9♥ ko J♠10♠ ka bar su sai kana kujerun ƙarshe.

Irin su K-5, Q-7, J-4, A-6 masu zane daban, ajiye su. Kuma don Allah kada ka ce ai zanensu ɗaya ne, kati biyu masu zane ɗaya suna cika fulash kusan sau 6 ne kacal cikin 100 ko da ka zauna har ƙarshe, wannan bai isa ya mayar da 9♣3♣ hannun kirki ba.

In za ka shiga kuma ba wanda ya ɗaga, ka shiga da ɗagawa, ninki 3 na babban bilain, wato 6 a misalinmu, ka ƙara 2 a kan kowane mutum da ya riga ya bi. Shigowa a saɓe da bin 2 kawai yana ba kowa damar ganin fulof a arha, sai ka tsinci kanka da K-K a gaban mutum biyar, ɗaya daga cikinsu tabbas ya haɗa wani abu. Kuma adadin ɗagawarka ya zama iri ɗaya ko A-A ne ko 8-8, in kana ɗaga 12 da babban hannu 4 da ƙarami, cikin rabin awa kowa ya karance ka.

Mataki na 4: Kujera

Wanda ya yi magana a ƙarshe ya ga abin da kowa ya yi kafin ya yanke shawara, shi ya sa botin ita ce kujera mafi daraja a tebur, sai wadda ke damanta. Mafi wahala su ne bilain biyun da wanda ke bin su, don za ka yi ta magana a duhu har hannun ya ƙare.

A aikace ga abin da hakan ke nufi: hannu ɗaya yana iya zama na ajiyewa a wata kujera, na ɗagawa a wata. K-10 in kai ne farkon magana a teburin mutum tara, akwai mutum takwas a bayanka da kowannensu zai iya riƙe da A-K ko K-Q, ajiye shi. K-10 ɗin nan dai in kana botin kowa ya fita saura bilain biyu, ɗaga. A farkon layi ka matse sosai, kana matsowa kusa da botin kana sassautawa. In ka ga ka rasa me za ka yi da wani hannu rabi-rabi, duba kujerarka, in akwai mutane da yawa a bayanka amsar ajiyewa ce.

Mataki na 5: Karanta fulof kafin ka taɓa cips

Da an buɗe ukun nan ka yi wa kanka tambaya biyu: me nake da shi, kuma mene ne mafi girman hannun da wani zai iya haɗawa da wannan tsakiyar. In babu lamba biyu iri ɗaya a tsakiya ba mai ful hawus. In babu zane ɗaya har uku ba mai fulash tukuna.

Fulof iri biyu ne a dunƙule. K♠7♦2♣ busasshe ne, katunan ba su da alaƙa da juna, in kana da A-K a nan kana cikin kwanciyar hankali. J♥10♥9♣ kuwa ko da A-A ne a hannunka ka taka a hankali, don jeri zai iya kasancewa ya riga ya haɗu, wani kuma yana jiran zuciya ɗaya.

Abu ɗaya da zai taimake ka: mai kati biyu mabambanta yana samun feya a fulof kusan sau 1 ne cikin 3. Ma'ana sau biyu cikin uku abokin karawarka bai samu komai ba, kamar yadda kai ma ba ka samu ba. Shi ya sa in kai ka ɗaga tun farko, mutum ɗaya ya bi ka, fulof ya zo busasshe, sau da yawa in ka sake zuba kamar sulusi zuwa rabin tulin zai ajiye. Amma wannan da mutum ɗaya ne ko biyu. In huɗu suka bi ka kuma ba ka haɗa komai ba, yi cek ka haƙura.

Mataki na 6: Lissafin jira

Wannan shi ne lissafin da ba makawa sai ka iya, kuma bai wuce ninkawa da rabawa ba. A ce kana da 9♥8♥, fulof ya zo K♥4♥2♠. Kana da zuciya huɗu, saura ɗaya. Zuciya 13 ce a kwali, ka ga 4, saura 9 da za su cece ka. Ka ninka 9 da 2, ka samu kusan 18 cikin 100 na cewa kati mai zuwa zai ba ka. In kuwa tabbas za ka ga sauran katunan biyu ba tare da ƙarin biya ba, misali wani ya tura dukkan cips ɗinsa, sai ka ninka da 4, kusan 36, ainihin lissafin 35 ne. Jerin da ke buɗe ta gefe biyu kamar 6-7-8-9 katunan cetonsa 8 ne. Wanda ke neman lamba ɗaya a tsakiya kamar 6-7-9-10 nasa 4 ne kacal, kuma shi ne ya fi yaudarar mutane.

Yanzu sai ka auna da farashi. Tulin tsakiya 100 ne, abokin karawa ya zuba 50. Za ka biya 50, in ka biya jimlar ta zama 200, 50 cikin 200 kashi 25 kenan. Damarka 18, farashi 25, bai kai ba. Da 25 ya zuba, 25 cikin 150 kusan kashi 17 ne, sai ka bi. Da 100 ya zuba, 100 cikin 300 kashi 33 ne, ajiye ba tare da ka waiwaya ba. Ka haddace biyu kawai: rabin tuli yana buƙatar kashi 25, cikakken tuli yana buƙatar kashi 33.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ninka da 4 alhali akwai wani zubin da ke jira a tan, wato ka lissafa kati biyu amma kuɗin ɗaya ka biya. Akwai sassauci guda: in tazarar kaɗan ce, kamar 18 da 25 ɗin nan, kuma ka san mutumin yana da cips da yawa kuma irin wanda ba ya iya ajiyewa ne, kana iya bi saboda abin da za ka ci a gaba in zuciyar ta fito. Amma ka yi gaskiya da kanka a nan, da wannan uzurin mutane ke bin komai.

Mataki na 7: In kana da hannu, zuba

Mafi yawan abin da za ka ci a teburin masu koyo daga nan zai fito, ba daga burga ba. Kana da hannu mai kyau, akwai wanda zai bi ka da wanda bai kai naka ba, toh ka sa ya biya, rabin tuli zuwa kashi biyu cikin uku. Sababbi suna son laɓewa, su samu uku iri ɗaya su yi cek don kada su kori mutum, sai a ba shi kati kyauta ya cika fulash, ko kuma hannun ya ƙare an ci ɗan tuli ƙanƙani da babban hannu. Kafin kowane zubi ka tambayi kanka, wane hannu ne da bai kai nawa ba zai bi ni, ko wane hannu ne da ya fi nawa zai ajiye. In ba ka da amsa ko ɗaya kada ka zuba.

Ga hannu guda daga farko har ƙarshe. Kana botin da A♠Q♦, wani mutum mai sanyin wasa ya bi 2, ka ɗaga zuwa 8, bilain suka fita, shi ya bi, tuli 19. Fulof Q♥8♣3♥. Kana da babbar feya da babban ɗan rakiya, ya yi cek, ka zuba 12, ya bi, tuli 43. Tan 2♠, bai canza komai ba, ya yi cek, ka zuba 30, ya sake bi, tuli 103. Riva 9♥. Mutumin da tun ɗazu bi kawai yake yi sai ya turo 100 da kansa. Dakata ka duba: zuciya ta zama uku a tsakiya, sannan mai J-10 ya cika jeri. Don ka bi sai in kana ganin za ka ci sau 1 cikin 3, kuma mai sanyin wasa ba ya tura 100 a riva da wasa. Ajiye. Ka buga zagaye uku daidai, ka sa ya biya tsada yana jira, wannan karon ya samu, shikenan. Cips 50 da ka riga ka zuba sun zama na tuli, kada su ja ka ka ƙara 100 a kansu.

Mataki na 8: Burga da karantar mutane

Burga tana da lissafinta ita ma. In ka zuba rabin tuli ba ka da komai, sai mutumin ya ajiye sau 1 cikin 3 kafin ka fita ba riba ba asara, in cikakken tuli ne sai sau 1 cikin 2. Saboda haka ana yin ta ne ga mutum ɗaya, wanda ka ga yana iya ajiyewa, kuma labarin da zubinka ke bayarwa tun daga farko ya yi daidai da hannun da kake nuna kana da shi. Mafi kyawun burga ga mai koyo ita ce wadda kake da abin jira, kamar zuciya huɗun nan, in ya ajiye ka ci, in ya bi kana da sauran dama. Wanda kuwa ke bin komai kada ka taɓa yi masa burga, ka jira hannu kawai ka sa ya biya.

Batun kallon ido da rawar hannu an zuzuta shi fiye da kima. A 2019 wata manhaja mai suna Pluribus da masana daga jami'ar Carnegie Mellon da kamfanin Facebook suka haɗa ta doke ƙwararrun 'yan wasa a teburin mutum shida, kuma ba ta ganin fuskar kowa, zubi kawai take gani. Kai ma zubi za ka kalla. Lokacin da ka ajiye katinka shi ne lokacin aikinka, kada ka ɗauki waya. Wa ke shiga kowane hannu, wa ke zaune shiru tun ɗazu, wa ke ɗagawa kullum, kuma duk sanda aka buɗe kati a ƙarshe ka koma baya a ranka ka tuna yadda mutumin ya zuba da wannan hannun. Mai shiru in ya ɗaga ka ba shi hanya. Mai ɗagawa kullum ka bar shi ya yi ta zubawa ranar da ka riƙe babban hannu.

In a manhajar kyauta kake koyo ka sani mutane a can suna tura duka cips ɗinsu da kowace shara don ba abin da zai yi musu ciwo, wurin yana da kyau don sabawa da dokoki da lissafin jira amma ba za ka koyi burga a can ba. Tsakanin abokai maganin wannan shi ne a hana sake karɓar cips, wanda nasa suka ƙare ya koma kallo har a tashi, za ka ga kowa ya natsu.

Mataki na 9: Riƙe zuciya, da maganar kuɗi

A-A a gaban K-K yana ci kusan sau 82 cikin 100, wato kusan sau 1 cikin 5 za a kayar da kai da hannun da ya fi kowane hannu, kuma A-A ɗin sau ɗaya yake zuwa cikin hannu 221, ka ga dole abin ya yi zafi. Abin da ke biyo baya shi ne haɗarin, mutum ya hau dokin zuciya ya fara shiga da komai don ya rama, abin da ya tara a awa biyu ya tafi a minti goma. In ka ji kanka ya ɗau zafi ka tashi ka sha iska ko ka rufe na ranar gaba ɗaya. Kada kuma ka zauna da gajiya ko ɓacin ran da ka kwaso daga wani wuri.

Zan sake nanata maganar kuɗi saboda na damu da ita. A wuraren da ake bugawa da kuɗi mai gidan wasan yana cire kasonsa daga tuli, don haka in aka haɗa 'yan wasan gaba ɗaya asara suke yi, 'yan kaɗan ne ke fita da wani abu, kuma ƙasashe da yawa dokarsu ta hana ko ta ƙayyade shi. In ka taɓa samun kanka kana tunanin cin bashi don ka zauna, ko kana ɓoye wa na kusa da kai, ko kana komawa don ka maido da abin da ya tafi, wannan ba maganar dabara ba ce kuma, ka tsaya cak ka gaya wa wanda ka yarda da shi.

Mataki na 10: Littafin nan

Bayan kowane zama ka rubuta hannu biyu ko uku da suka ba ka wahala tun kana tuna su: kujerarka, katinka, cips nawa kowa ke da shi, tsakiya, da adadin kowane zubi. Washegari ka jera katunan a tebur ka sake bi a hankali, ka yi lissafin farashin da biro. Ka haɗa har da hannayen da ka ci, don bin 100 da katin ceto 4 kuskure ne ko da katin ya fito, ajiye A-Q ɗin can kuma daidai ne ko da mutumin ya nuna maka burga ce ya yi sau ɗaya.

A gefe guda ka riƙa jan ɗan layi duk hannun da ka shiga da kanka, wani layin daban duk wanda aka raba, ka ga kashi nawa kake bugawa. In ya haura 20 cikin 100 ka koma mataki na 3 ka sake matsewa. Kuma kowane zama abu ɗaya za ka sa a gaba, wannan satin zaɓen hannun farawa kawai, mai zuwa kujera, na bayansa lissafin jira. Sai waɗannan ukun sun zauna maka sannan ka fara duba yadda ake sake ɗagawa a kan wanda ya ɗaga, da yadda ake buga gasa inda bilain ke ƙaruwa lokaci-lokaci, don a can in cips ɗinka suka ragu zuwa kamar ninki 10 na babban bilain wasan yana komawa zaɓi biyu ne, ko ka tura duka ko ka ajiye.